Tsohon da Ya Yi wa Mai Gudu Kiɗa

Ranar da aka yi jana'izar Kaka, mahaifin mahaifiyata, ba a taɓa wuƙa a rumfunan mahautan Mafara ba sai da rana ta karkata. Wanda ya san mahauta ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, don mutanenmu ko ranar ɗaurin aurensu sai sun leƙa mayanka kafin su sa babbar riga. Daga Bakura aka zo, garin da aka haife shi. Daga Maradun aka zo, duk da halin da hanya take ciki. Ƙofar gidansa ta cika da tsofaffin 'yan dambe masu karkatattun yatsu, waɗanda in sun ɗaga hannu za su shafa fatiha sai ka ga hannun dama ya ƙi buɗewa sosai.

Ɗaya daga cikinsu, wani dattijo mai karyayyen hanci, ya riƙe hannun Babana ya ƙi saki. Ya ce, “Wanga bawan Allah, in yat taɓa kalangu, ko bango anka nuna maka sai ka kai mai naushi. Allah shi jiƙanai.” Liman ya shaide shi da sahun asuba. Matan cikin gida suka shaide shi da cewa bai taɓa shigowa da tsoka a hannu ya wuce yaro ba. Inna, mahaifiyata, ba ta yi kukan da za a ji daga zaure ba. Ta zauna a ƙofar ɗakinsa tana amsa gaisuwa, idonta na kan ƙusar da yake rataye kalangu.

Can gefe kuma ga wasu samari da ba su yi kama da kowa a wurin ba, dogaye, ramammu, da takalman gudu a ƙafa. 'Yan ƙungiyar tsere ne na kwalejin da na yi. Tsofaffin 'yan damben nan sai kallonsu suke, ana tambayar juna a hankali ko 'ya'yan wane ne. Duk wanda ya buɗe baki a ranar, makaɗin dambe yake yabo, kuma gaskiyarsu ce. Amma Kaka ya yi wani kiɗa a ƙarshen rayuwarsa wanda babu mai take a cikinsa sai ni, kuma na ga in ban faɗa ba za a binne shi tare da shi. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Kaka gajere ne, siriri, kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka saboda igiyar kalangu. Makaɗin mahauta ne tun daga kakanni. A zamanin ƙuruciyarsa, in ya tsaya a bakin kasuwa da hantsi ya matse kalangu a hammata, mace tana cikin gidanta za ta san an yi yanka, har ta san sa ne ko raƙumi. Bayan girbi kuma sai fagen dambe, daga Mafara zuwa Bakura zuwa Maradun, ƙauye bayan ƙauye. A irin wannan yawo ne ya riƙa yi wa Babana kiɗa lokacin yana ɗan dambe, kafin Baban ya rasa kunya ya nemi auren 'yarsa. Maganarsa kullum ita ce, “Namiji ba ya ba hwage baya.” Ni kuwa ya sa mini suna ɓarawon mata, wai ina zagayen kakata, ni ma ina ce masa tsoho mai ran ƙarfe ya sake ta ya huta.

Da hanyoyi suka lalace saboda 'yan bindiga, taron dambe ya mutu. Wa zai tara jama'a a fili alhali ba a san wanda zai fito daga daji ba? Sai kuma aka kashe wani ɗan damben Gidan Goga a gonarsa, wanda Kaka yake ji da shi fiye da kowa. Ranar da labarin ya zo, ya naɗe kalangunsa a tsohon zane ya rataye. Mahauta suka yi ta roƙo, ya ce, “Wa za ni kira? Waɗanda kalangun ga yas san sunansu sun tahi.” Haka ya rataye shekara da shekaru, gizo-gizo ya yi gida a tsarkiyar.

Ni ban gaji dambe ba. Hannuna kamar sillen kara yake, Babana in ya dube shi sai ya kawar da kai. Abin da Allah ya ba ni ƙafa ce. Tun ina yaro, in sa ya tsinke igiya a mayanka ya shiga daji, ni ake cewa in bi shi. Ba sauri na fi kowa ba, gajiya ce ba na yi. Sai in yi ta binsa har ya tsaya yana kumfa, in kama igiyar in jawo shi gida muna haki tare. Da na shiga kwalejin garinmu, malamin wasanni ya ji wannan labari a bakin wani ɗan ajinmu, ya sa ni zagaya fili, ya gaji da tsayuwa ni ban gaji da zagaye ba. Nan take ya sa sunana cikin masu gudun dogon zango. Ya kuma gaya mini gaskiya: filin makaranta ba zai ishe ni ba, sai na sami doguwar hanya in riƙa cinye ta kowace safiya. Ya ce in gwada bakin kanal ɗin Bakolori mai kai ruwan noman rani, hanyar da ta miƙe tsakanin gonakin albasa da alkama ta yi wajen Bakura.

Ni da shi duk ba mu yi tunanin komai ba. Washegari da sassafe na sa singileti da gajeren wando na kama hanya a guje. Mutum na farko da ya gan ni yana ban ruwa ne. Ya miƙe, ya dube ni, ya dubi bayana, sai ya saki tiyo ya zura da gudu. Na biyu ya ga na farko, shi ko dubawa bai yi ba. Kafin in farga, gonaki sun tashi gaba ɗaya, maza da mata da jakuna, wasu ta cikin alkama, wasu ta cikin ruwa. Ni kuma da na ga jama'a na gudu sai na ce lalle akwai abin da yake bayanmu, na karkato wajen gida na ƙara wuta. Haka muka iso bakin gari, ni a gaba suna biye, kowa yana gudun abin da ya koro ɗan'uwansa. A ƙasarmu yanzu in ka ga mutum a guje ba ka tsayawa tambaya, sai kun isa inda za ku isa.

Yanzu ana ba da labarin ana dariya, amma ranar ba a yi dariya ba. Wata mai sayar wa 'yan ƙwadago kunu ta faɗa kanal ta karye a hannu. Injin ban ruwa da aka bari a kunne ya cinye wa wani irin albasarsa. Kafin azahar labari ya kai Bakura cewa an shigo Mafara. Mai unguwa ya aika a kira Babana, ya yanke cewa kada a sake ganina a guje a wajen katangar makaranta. Babana ya dawo gida ya ƙara nasa a kai, ya ce ko a cikin katangar ma bai yarda ba. Dama abin yana cinsa. Abokan sana'arsa sun daɗe suna tsokanarsa, wai barewa ta yi dambe ɗanta ya yi gudu. Malamin wasanni kuma ya ce in babu doguwar hanya ba zai iya kai ni gasar manyan makarantu ba, sai dai ya ba wani gurbina. Abu ɗaya da na iya a duniya, ga shi an rufe shi ta gaba da ta baya.

Na tafi wurin Kaka don in sami mai tausaya mini. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

“Kai kaɗai, ba bindiga ba sanda, ka kori gari,” in ji shi. “To gaya min, mi kaka gudu?”

“Ba komi.”

“To mi kaka bi?”

“Shi ma ba komi. Tsere na, Kaka. Wanda yar riga isa shi yac ci.”

“Ga hwagenmu wanda yaj juya baya shi anka kashe.”

Raina ya ɓaci. Na ce, “Ni ban iya dambe ba, kuma ba ni iyawa har in mutu. Wanga shi Allah yab ba ni. In kun hana ni shi, ku gaya min mi za ni zama.” Ban taɓa ɗaga masa murya ba da gaske sai ranar. Ya daina dariya. Ya daɗe yana tauna goro yana kallon ƙafafuna. Can sai ya ce, kamar da kansa yake magana, “Wanda anka koro ba ya tahowa da makaɗi.” Ya miƙe ya shiga ɗaki, na ji yana karkaɗe zane.

Amma akwai Babana, kuma tsakanin Kaka da Babana akwai kunyar surukuta irin ta da. Tun da aka ɗaura auren Inna ba su sake zama tabarma ɗaya ba, in sun hango juna a hanya ɗaya zai sake lungu. Don haka rigimar ta bi ta kan Inna. Kaka ya ce ta gaya wa mai gidanta a bar yaro ya yi gudunsa. Babana ya ce ta gaya wa mahaifinta, cikin ladabi, cewa ɗansa ne. Kaka ya ce ta gaya masa shi ma 'yarsa ce ta haifa. Inna ta yi ta kai da kawo tsakanin gidaje biyu har ta gaji, ta ce ita ba wayar hannu ba ce, kowa ya ji da bakinsa.

Ranar kasuwa, Kaka ya rataya kalangu ya fita. Mutane suka riƙa tsayawa suna kallonsa, don yaran da ke tallar ruwa ma ba su taɓa ganinsa da shi ba. Bai tsaya ko'ina ba sai gaban teburin Babana. Ya matse, ya saki taken da yake yi masa a fage, wanda ba a ji ba tun kafin a haife ni. Ina wurin ina riƙe wa Baba cinya yana sara. Na ga wuƙar ta tsaya. Na ga tsikar hannunsa ta tashi. Wannan ƙaton mutum da ban taɓa ganin ya durƙusa wa kowa ba sai a salla, ya ajiye wuƙa ya tsuguna a bayan teburinsa, kansa a ƙasa.

Kaka ya tsayar da kiɗa. Bai dubi Baba ba, mahaucin da ke kusa ya duba, ya ce, “Ku tambayam min mai rumfar ga, ranar da ubanai yah hana shi dambe, wa yar raka shi hwage?”

Baba ma bai ɗaga kai ba. Ya ce wa mahaucin, “Ku ce ma Baba na jiya.”

Iyakar maganar ke nan, kuma ban sake jin Babana ya ambaci hani ba. Daga nan Kaka ya sa aka yanko tsoka mai kyau, ya tasa ni gaba har gidan mai kunun nan da ta karye, ya sa na durƙusa na ba ta haƙuri, haka ma mai irin albasa. Sannan muka je wurin mai unguwa. Ya saurare mu, ya ce, “In da kiɗa, ya yi. In babu kiɗa, maganata tana nan.”

Kawu, ɗan autan Kaka, ɗan kabu-kabu ne, shi aka ɗora wa aikin tuƙi. Aka zaunar da tsoho a bayan babur, aka ɗaure ƙugunsa da na Kawu da rawani don hannayensa su sami sakewa. Na ce su shiga gaba in bi su, Kaka ya ce a'a, makaɗi bayan gwaninsa yake tsayawa. Muka kama bakin kanal. Sai ya saki kiɗan da ya sani, zugar dambe, wadda ake yi wa mutum lokacin da ya ɗaure hannu zai shiga a yi ta ta ƙare. Wallahi ban san lokacin da ƙafafuna suka ƙwace mini ba. Na fita kamar an harba ni. Manoma suka miƙe a tsorace, suka ji kalangu, suka tsaya suna kallon ikon Allah. Ban yi nisan kirki ba numfashi ya ƙare, na zube a gefen wata gonar alkama ina amai.

Da na farfaɗo muka yi ta. Na ce kiɗansa na kisan kai ne, ni tafiya ce mai nisa a gabana, ba turmi ɗaya ba. Ya ce shi makaɗin maza ne, tun kafin a haifi ubana yake kiɗa, ba ɗan gajeren wando ne zai koya masa ba. Kawu yana tsakiya, ɗaure da rawani, ba damar ya gudu. Muka koma gida kowa yana fushi. Tsofaffin abokan Kaka kuma suka samu abin yi, wai makaɗin da ya tsayar da maza a fage ya tsufa ya koma yi wa mai gudu kiɗa. Ya ce musu, “In kun ji ƙi gudu, sa gudu na bai zo ba. Wane na cikinku bai kwana cikin dawa ba bara?”

Na ɗauka ya fasa. Sai Kawu ya gaya mini kullum da hantsi yana kai shi kara, inda ake shigo da shanu daga hanyar Maradun. Ba ya magana da kowa, sai ya zauna a kan kututture yana kallon yadda garke ke tafiya, yana buga yatsu a gwiwa. Bayan 'yan kwanaki ya aiko a kira ni. Bai ce ya yi kuskure ba, kuma ban sa ran zai ce ba. Ya ce dai, “Ana cewa in kiɗa ya sake rawa ta sake. Ni ga tsuhwana rawa ta sake, dole kiɗa shi bi ta. Sa takalminka.”

Kiɗan da ya fito da shi ba shi da kirari, ba shi da suna. Bugu ne a kwance, mai nauyi, irin takun shanun da suka san tafiyar da nisa. Yana bayana yana sauraren ƙafata da numfashina. In ya ji na fara gaggawa sai ya sassauta tsarkiya, muryar kalangu ta yi ƙasa, in dawo hayyacina. In ya ji ina jan ƙafa sai ya ɗan matse, ba da yawa ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tafasa jinin maza, ga shi ya koyi sanyaya nawa. Malamin wasanni ya biyo mu wata safiya da agogonsa, ya dawo yana murmushi, ya ce wa Kaka, “Baba, kai riƙe safiya, ni in riƙe yamma.”

Mutanen bakin kanal kuwa suka saba. Da farko tsayawa suke su yi kallo, daga baya suka koma dariya, daga baya kuma sai ɗaga hannu kawai. Da yake ba a barin makaɗi ya wuce hannu wofi, sai aka fara jefa wa Kawu albasa da tumatir a cikin kwandon gaban babur. Kaka ya ce tun da yake kiɗa bai taɓa samun ubangida matsiyaci irina ba, da ba don manoma ba da yunwa ta kashe shi.

Shekarar farko na ci na jiharmu, na ci na shiyya, aka je na ƙasa aka koya mini hankali. Akwai yaran tsaunukan Filato, waɗanda kamar ba da huhu suke gudu ba. Na dawo ba ko lambar tagulla. Kaka ya tare ni da cewa, “Ka ba hwage baya?” Na ce a'a, na kai ƙarshe. Ya ce, “To ba a kashe ka ba. Gobe da sahe.”

Shekarar ƙarshe a kwaleji ita ce damata ta ƙarshe, kuma a wani gari na Kudu za a yi gasar. Kaka ya ce za shi. Motar makaranta ba ta ɗaukar kakanni, Inna kuma ta ce ko da wasa kada ta sake jin zancen, mutumin da hawa babur ma sai an ɗaure shi. Ya ce to. Da na je sallama ya yi mini addu'a a gajarce, har na ji haushin yadda bai damu ba.

Ranar tseren mita dubu goma iskar garin ta yi mini nauyi, kamar ana numfashi ta cikin jiƙaƙƙen tsumma. Aka tashi. Na tsaya a baya kamar yadda muka shirya da malam. Wajen tsakiyar tsere wani abu ya soke ni a haƙarƙari, takuna ya rikice, na ga na gaba suna ƙara nisa. Na fara gaggawar cim musu, ita ce kuwa hanyar mutuwa a wannan gudu. Zuciyata ta fara gaya mini ai ko na tsaya ba wanda ya san ni a nan.

Sai na ji kalangu.

Na ɗauka kaina ne ya taɓu. Da na zagayo kwana sai na hango su a bayan wayar da ta kewaye fili, gungun mahauta da dillalan shanu na zangon garin, da hulunansu, a tsakiyarsu wani ɗan tsoho cikin riga da ta yi baƙi ƙirin da datti. Ashe bayan tafiyarmu ya je kara ya hau tirelar shanu, a kan katakon da masu rakiya ke zama a saman dabbobi, ya yi wannan doguwar tafiya rungume da kalangunsa. Kuma ba zuga yake yi ba. Kiɗanmu na bakin kanal yake yi, a kwance, a sanyaye, yana ce mini in daina hauka. Na bi shi. Numfashi ya dawo, sukar ta lafa. Na fara tsintar su ɗaya bayan ɗaya, yadda nake yi wa sa in ya gaji.

Da aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe saura mutum ɗaya a gabana, wani dogon yaron Filato da ya ba ni kashi bara. A nan Kaka ya matse kalangu har ƙarshe, ya saki taken Babana. Zugar nan da ta taɓa zubar da ni a gonar alkama, ita ce ta ɗauke ni. Mahautan nan suka ɗauki ihu da sunan Mafara. Ban san yadda aka yi ba, na dai ga kafaɗar yaron a gefena, sannan ban sake ganinta ba. Na tsallake layi ina kuka, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Na ruga wurin waya. Warin shanu ya riga shi isowa gare ni. Na rungume shi ta tsakanin ƙarafa, ya ture ni, wai zan fasa masa fata. Ya ce, “Ka gani? Kiɗan maza shina da ranarshi. Kai na ba ka san lokacin shan shi ba.” Da aka rataya mini lambar zinariya na cire na sa masa, ya gatsa ta da sauran haƙoransa ya ce ba ta kai tsoka ba. Aka kira Babana a waya aka gaya masa da wane take aka ci. Ya ce, “Ku kula min da Baba ga hanya.” Da muka dawo, a ƙofar gidanmu aka kayar da sa, kuma ranar ce na fara ganin Baba da Kaka a inuwa ɗaya, kowa yana kallon wani gefe.

Bayan na gama kwaleji ban daina gudu ba, shi ma bai daina bina ba, har ƙarfinsa ya fara ja da baya. Ciwon bai daɗe ba. Ranar da na ga jikin ya yi nauyi na zauna kusa da shi, son kai ya sa na tambaye shi wa zai riƙa yi mini kiɗa, tunda Kawu bai koya ba, ga kuma maganar mai unguwa. Ya buɗe ido ya ce, “Ɓarawon mata, bar ni in ji da kaina.” Ita ce maganarmu ta ƙarshe. Allah ya karɓi abinsa kafin asuba, yana da kalmar shahada a baki.

Da aka tashi daga zaman makoki na kasa fita. Kowace safiya in sa takalmi in zauna a zaure in cire. Ina tuna mai kunu da hannunta, ina tuna cewa abin da ya sa mutane gudu a waccan ranar bai bar dajinmu ba har yau. Babana ne ya same ni a haka wata safiya zai tafi mayanka. Ya dube ni, ya dubi takalmin, ya ce ya yi magana da mai unguwa, shi kuma ya yarda in gwada sau ɗaya a gani. Sannan ya ƙara da cewa, “Tsoho bai hau tirela don ka zamna zaure ba.”

Na fita ni kaɗai, ba babur, ba kiɗa, sai ƙarar takalmina. Na hau bakin kanal. Mutum na farko yana duƙe a cikin albasa. Ya ji taku ya miƙe, ya dube ni, sannan ya dubi bayana. Na ce shi ke nan. Amma bai saki fartanya ba. Ya daɗe yana kallon hanyar da babu kowa a kanta, sai na gane ba abin da ya koro ni yake nema ba, tsohon yake nema. Ya cire hula, ya ɗaga murya ya ce, “Mai gudu, ya haƙuri?”

Na ce, “Da godiya.”

“Allah shi jiƙan tsoho. Allah shi sa ya huta.”

Na gona ta gaba ya ji, shi ma ya miƙe ya yi tasa. Haka ta riƙa tafiya a gabana daga gona zuwa gona, masu ban ruwa da masu dashe da mata masu tsinkar tumatir, wannan ya ce Allah ya yafe masa, wancan ya ce Allah ya haskaka makwancinsa, wata ta ce Allah ya kyauta namu zuwan. Kowa ya yi addu'arsa sai ya duƙa ya ci gaba da aikinsa. Ban tsaya ba, don na san da yana bayana ba zai yarda in tsaya ba. Ina gudu ina share ido ina cewa amin, har na hango rufin gidajen Bakura.